Darasi: Tunawa da Wani Dattijo na Ƙasar Batsari



Darasinmu na wannan wata daga gidan makoki ya fito. Kwanakin baya muka je jana'izar wani dattijo a wani ƙauye da ke tsakanin Batsari da Safana, inda mutum in ya tsaya a bakin gona ya dubi yamma yakan hangi duhun dajin Rugu. Iyalinsa sun roƙe mu kada mu buga sunansa, kada kuma mu ambaci ƙauyen, duk wanda ya san abin da wannan yanki ya sha kuwa ba zai tambayi dalili ba. Za mu kira shi Baba, gama haka kowa yake kiransa, yaro da babba, Kirista da Musulmi. Ya haura shekara tamanin. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya shida, da jikokin da sai da aka ɗan yi gardama kafin a daidaita a kan yawansu.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami wani ɗan abu ne da ya faru da safiyar ranar. Da gari ya waye samari suka taru za su tafi haƙa kabari, sai aka tsaya cirko-cirko a ƙofar gida. Ga diga, ga shebur, ga dagi, duk suna jingine a zaure inda suka saba zama. Amma ba wanda ya san inda za a sara. Shekara arba'in da ɗoriya, in an yi rasuwa, Baba ne yake shiga gaba, ya zaga, ya buga ƙasa da dunduniya, ya ce, "Nan." Shi ya san inda kowa yake kwance, ya san inda fa yake kusa, ya san inda ruwa yake kwanciya da damina. A ranar nan kuwa mai cewa "nan" shi ne a shimfiɗe a ɗaka. Samarin suka sara wuri na farko, suka ci karo da dutse. Suka koma na biyu, ba su yi nisa ba sai suka ga alamar sun matsa wa wani tsohon kabari, suka mayar da ƙasa da sauri. Sai da aka aika aka kira wani tsoho Musulmi, abokin Baba tun ƙuruciya, wanda suka yi ta wannan aiki tare a maƙabartun ƙauyen guda biyu. Ya zo yana dogara sanda, ya duba, ya nuna gindin wata aduwa, ya ce, "Ku sara nan, kusa da ɗansa na fari. Ya taɓa gaya mini."

Muka tsaya muna kallo, muka ga ashe ba mutum ɗaya muka zo binnewa ba, har da wani sani da wani aiki waɗanda ba a taɓa rubuta su a ko'ina ba.

Ɗan sa-kai irin na dā

Kafin mu ci gaba, bari mu tsaya a kan wata kalma. A ƙasar Katsina da Zamfara yau, in aka ce "ɗan sa-kai", abin da yake zuwa a zuciya shi ne saurayi da bindigar gargajiya a kafaɗa da layu a damtse. Kalmar ta yi nauyi, a wasu wurare ma ta zama abin tsoro, domin jinin da aka zubar da sunanta. Amma asalinta ba haka ba ne. Sa kai shi ne mutum ya miƙa kansa ga aikin da ba a sa shi ba, ba kuma za a biya shi ba. Baba ɗan sa-kai ne a wannan tsohuwar ma'ana, bai kuwa taɓa riƙe abin da ya fi gatari ba. Muna ganin ya kamata mu da muke koya wa yara mu riƙa mayar wa kalmar da mutuncinta, don kada jikokinmu su tashi suna tsammani sa kai da ɗaukar fansa abu ɗaya ne.

An haife shi zamanin Turawa a gidan Maguzawa, manoman gero da dawa da rogo, irin rogon nan da ya yi wa Batsari suna a kasuwannin Katsina. Wannan ƙasa ta daɗe da sanin zaman bakin iyaka. A ƙarni na 19 garin Ruma yana cikin garuruwan da suke tare harin da ke fitowa daga Maraɗi, har yau kuma hakimin Batsari sarautar Sarkin Ruma yake riƙe da ita, kamar yadda na Safana yake Yariman Katsina. Baba ya ji labarun wancan zamani daga bakin kakanninsa, yakan kuma ce bai taɓa tsammani zai ga gudun da suka ba shi labari da idonsa ba.

Karatu a ajin yaƙi da jahilci ya koye shi. Bangaskiya kuwa a wajen cin rani ya same ta, sa'ad da ya gangara kudu wajen Malumfashi yana saurayi, ya sauka a gidan wani katikis. A lokacin dukan wannan ƙasa tana ƙarƙashin Sakkwato, wadda aka danƙa wa limaman Dominikan daga Amurka a 1953, ta kuma zama cikakkiyar dayosis a 1964. Ya rayu har ya ga an yanke Dayosis ta Katsina a 2023, aka naɗa Bishop Gerald Mamman Musa. Amma shi kansa bai taɓa zama katikis ba, bai taɓa riƙe muƙami a ikilisiya ba in ban da share ɗakin sujada da buga ƙararrawa, ƙararrawar ma wani tsohon ƙarfen mota ne aka rataye a itace. Kiristocin ƙauyen ba su taɓa wuce 'yan gidaje ba. Fada yakan zo ne jefi-jefi, in hanya ta yi kyau.

Ayyukansa ba su da wuyar faɗa. In rijiya ta cushe, shi yake ɗaura igiya a ƙugu ya shiga yasa, har sai da 'ya'yansa suka hana shi da ƙarfi. In an kira gayya a gonar gwauruwa, garmarsa ce ta fara isa. In naƙuda ta yi gardama da tsakar dare, amalankensa ake ɗaura wa shanu, daga baya da babur ya zo, ɗansa yake tayarwa ya ce, "Tashi ka kai ta, mai na wuyana." A yunwar 1973 zuwa 1974, da ta 1984, ya buɗe rumbunsa tun kafin ya san ko abin da ke ciki zai kai shi kaka. Waɗannan duka an faɗe su a wurin zaman makoki, ba kuwa za mu daɗe a kansu ba, domin kusan kowace ikilisiya tana da mai irinsu.

Abin da ba kowa yake iyawa ba shi ne aikin da yake yi tsakanin manoma da makiyaya. In shanu suka shiga gona, mai gari yakan tura mutum biyu ko uku su je su ga ɓarna tare da wakilin arɗo, su yanke abin da za a biya. Baba ya daɗe yana cikinsu. Dokar wuraren kiwo ta Jihar Arewa ta 1965 ta keɓe wa makiyaya dazuzzuka, Rugu kuwa yana cikin manyan wuraren kiwo na wannan ƙasa, ga kuma burtali da mashaya waɗanda kowa ya san iyakarsu tun kaka da kakanni. Da mutane suka yi yawa, gonaki suka fara cin burtali taki ɗaya bayan ɗaya. Baba manomi ne, amma sau da yawa yakan dubi ɗan'uwansa manomi ya ce, "Malam, wannan kunya biyar ɗin a kan hanyar shanu ka yi su, ba za a biya ka su ba." An yi fushi da shi a kan haka. Akwai wanda ya yi shekara biyu ba ya amsa gaisuwarsa. Mu dai muna ganin da an sami irinsa da yawa a kowane gefe, waɗanda za su iya gaya wa nasu gaskiya, da wata wutar ba ta kai inda ta kai ba. Ba mu ce wannan kaɗai ne tushen masifar ba, gama tushenta da yawa, amma yana ciki.

Shekarun wuta

Ba sai mun ba mutanen wannan dayosis labarin abin da ya biyo baya ba. Za mu ambaci kaɗan ne don 'yan'uwa na nesa. A watan Mayu 2019 'yan bindiga suka kashe manoma 18 a 'Yargamji ta ƙasar Batsari, mutanen garin suka ɗora gawawwakin a mota suka kai su har birnin Katsina don mahukunta su gani da idonsu. Ranar 14 ga Fabrairu 2020 aka auka wa Tsauwa da Dankar, aka kashe mutum 30, aka ƙone gidaje da rumbuna. Mata da yara suka cika makarantun firamare da gidajen dangi a garin Batsari. A watan Satumba 2021 aka katse layukan wayar salula a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Batsari da Safana, aka yi watanni mutum ba ya iya sanar da ɗan'uwansa rasuwa sai ya aika da ƙafa.

A waɗannan shekaru Baba ya riga ya tsufa, idonsa ya fara hazo. 'Ya'yansa da ke Katsina da Dutsin-ma suka yi ta roƙonsa ya baro ƙauyen, ya ƙi. Gidansa ya zama masauki. Wanda ya gudo daga ƙauyukan da ke bakin daji, in ya iso da dare, zauren Baba ake nuna masa. Lokacin da babu waya, yakan zauna a bakin hanya ranar kasuwa yana karɓar saƙo daga wannan yana damƙa wa wancan: wane ya rasu, wance ta haihu, an sako wane. Haƙa kabari kuwa ya tashi daga aikin wata-wata ya koma na mako-mako. Akwai ranar da aka tsinci gawar baƙi a bayan gari, ba wanda ya san su, kowa kuma yana tsoron fita domin ba a tabbata maharan sun yi nisa ba. Baba da abokin nan nasa suka ɗauki diga suka fita, tsofaffi biyu, ɗaya ba ya gani sosai, ɗaya ba ya ji sosai. Kunya ce ta fitar da samari suka bi su. Liman ya yi wa mamatan salla, Baba yana tsaye a gefe da shebur a hannu.

Mu buɗe littafin Tobit

Wannan ne ya kai mu ga karatun da muke so kowace ƙungiya ta yi a wannan wata, watau littafin Tobit. Sura 14 ne kawai, ana iya gama shi a zama biyu. Mu lura, ba kowane bugun Littafi Mai Tsarki na Hausa yake ɗauke da shi ba, gama yana cikin littattafai bakwai na Tsohon Alkawari da Ikilisiyar Katolika take karantawa waɗanda wasu 'yan'uwa Kirista ba su sa a nasu ba. Wanda bai same shi a gida ba ya tambayi katikis. Littafin tsoho ne ƙwarai: an sami guntayensa da harshen Aramaik da na Ibrananci a kogon Kumran, kusa da Tekun Gishiri, a 1952.

Tobit mutumin kabilar Naftali ne da aka kwashe bauta zuwa Nineba, babban birnin Assuriya, wadda kufanta yake kusa da Mosul a ƙasar Iraƙi ta yau. Magidanci ne mai mata ɗaya, Hannatu, da ɗa ɗaya, Tobiya. A sura ta 1 yana ciyar da mayunwata, yana tufatar da marasa sutura, in kuma ya ga an yar da gawar ɗan'uwansa a bayan ganuwa sai ya ɗauke ta a ɓoye ya binne. Sarki Sennakerib ya nemi gawawwakin waɗanda ya kashe bai gan su ba, wani ya kai tsegumi, Tobit ya gudu, aka ƙwace dukan abin da ya mallaka. Da aka yi sabon sarki ya dawo gida. A sura ta 2, ranar idi, an ajiye masa abinci ke nan sai ɗansa ya zo da labarin an shaƙe wani an yar a kasuwa. Ya tashi bai ɗanɗana ba, ya ɗauko gawar ya ɓoye, da rana ta faɗi ya haƙa ya binne. Maƙwabta suka yi masa dariya, suna mamakin mutumin da ya sha da ƙyar a kan wannan aiki ga shi ya sake komawa. A daren nan ya kwanta a tsakar gida, kashin tsuntsaye ya zubo masa a ido, ya makance shekara huɗu.

Kowa zai ga kamannin da ke tsakanin wannan da abin da muka faɗa a sama, ba sai mun nanata ba. Binne matattu shi ne na ƙarshe a cikin ayyukan jinƙai bakwai na jiki da muka haddace a katikisma, wannan littafi kuwa shi ne babban tushensa. Aiki ne da wanda aka yi wa ba zai taɓa ramawa ba, ba zai ma ce an gode ba. Amma inda muke so mu daɗe shi ne ƙarshen sura ta 2, wurin da masu wa'azi sukan tsallake.

Da Tobit ya makance, wa ya riƙe gidan? Hannatu. Ta shiga aikin saƙa tana kai wa masu shi suna biyanta. Wata rana suka biya ta cikakken ladanta, suka ƙara mata da ɗan akuya kyauta. Ɗan akuya ya yi kuka a tsakar gida, makaho ya ji, ya ce na sata ne, a mayar. Ta ce kyauta ce, ya ƙi yarda da ita, har ya husata. Sai ta juyo ta tambaye shi inda sadakokinsa da ayyukan kirkinsa suka tafi, tunda ga abin da suka jawo musu kowa yana gani. Maganar ta soke shi har ya yi kuka ya roƙi mutuwa. Mu lura da kyau: a wannan gardama Hannatu ce mai gaskiya a kan ɗan akuyan. Adalin nan da dukan Nineba ta san alherinsa ya zargi matar da take ciyar da shi da sata, ba shi da shaida. Littafin bai ɓoye wannan ba, bai kuma rage darajar Tobit saboda shi ba.

Rabon Mama

Bayan kwana uku muka koma gaisuwa, muka sami Mama, matar Baba, a ƙofar ɗakinta tare da 'yan Zumuntar Mata. Muka ce, "Mama, sannu da haƙuri. Baba ya yi aiki." Ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "Ya yi, 'ya'yana. Amma tuwon da baƙinsa suka ci, shi ya tuƙa?" Matan suka yi dariya, ita ma ta yi, amma ba wasa take yi ba.

Ta ba mu labarin abin da ba a faɗa a gaban maza ba. A shekarar da ya buɗe rumbu, hatsin ya ƙare saura wata biyu kaka, ita ta sayar da tasoshin aurenta da tunkiyarta aka sayi garin rogo. Baƙon da aka sauke a zaure, ita take tashi ta hura wuta ko da tsakar dare ne. Matan da suka gudo da goyo ɗakinta suke kwana, ita ta koma rumfa. Ta ce sau ɗaya ta taɓa yi masa yaji, ranar da ta tarar ya ba da kuɗin da aka tara don jarrabawar ɗansu na biyu ga wani maƙwabci da za a yi wa matarsa aiki a asibiti. Matar ta rayu. Yaron bai zauna jarrabawa ba a shekarar, bai kuma sake komawa makaranta ba. Yau magidanci ne, yana gyaran babur, yana kuwa zaune a wurin sa'ad da uwarsa take faɗa. Muka dube shi. Ya ce, "Na yafe wa Baba tun da daɗewa. Amma da ya tambaye ni, da na fi jin daɗi. Wataƙila ma da na ce ya bayar."

Ya ku 'yan'uwa, wannan maganar ita ce zuciyar darasinmu. Mun saba in dattijo ya rasu mu wanke shi tas a bakinmu, har ya zama wani wanda ba a taɓa yi ba, wanda kuma ba mai iya koyi da shi. Ba mu yi wa Baba adalci ba in muka yi masa haka, ba mu kuma yi wa Mama ba. A ganinmu ya yi daidai da ya ceci ran matar nan, ya kuma yi kuskure da ya ɗauki abin da yake na gida duka bai shawarci kowa ba. Abu biyun nan gaskiya ne a lokaci ɗaya. Alherin da magidanci yake yi a waje, da aljihun iyalinsa yake yin sa, da barcinsu, da hatsinsu, wani lokaci ma da makomar 'ya'yansu. In haka ne, suna da haƙƙin a tambaye su, suna kuma da rabo a yabon. Sau nawa muka ji an tashi a taron ikilisiya an yaba wa mutum a kan karɓar baƙi, matarsa tana can baya wajen murhu ba wanda ya ambace ta?

Tobit da kansa ya koyi wannan. A sura ta 4, sa'ad da yake tsammani mutuwarsa ta zo, ya kira ɗansa ya yi masa wasiyya, abin da ya sa a gaba kuwa bayan binne shi shi ne uwar: ya girmama ta muddin ranta, kada ya ɓata mata rai, in ta rasu ya kwantar da ita kusa da shi a kabari ɗaya. Matar da suka yi cacar baki da ita ke nan. A kan sadaka kuma ya ce a bayar gwargwadon abin da ake da shi, mai yawa ya ba da yawa, mai kaɗan kada ya ji tsoron ba da kaɗan. Ya kuma gargaɗe shi kada ladan ma'aikaci ya kwana a hannunsa. Mama ta shaida mana cewa Baba ma ya sauya a ƙarshen ransa. Tun da aka fara gudun hijira, ba ya shigar da baƙo sai ya leƙa ya ce, "Uwar gida, akwai mutum huɗu a waje, za mu iya?" Ta ce ba ta taɓa cewa a'a ba, amma tambayar ta sa tukunyar ta fi sauƙin ɗauka.

Sai a sura ta 12 ne baƙon da ya raka Tobiya tafiya ya bayyana kansa cewa shi mala'ika Rafayel ne, ya kuma sanar da Tobit cewa daren nan da ya bar abincinsa ya tafi binne gawa ba a ɓoye yake ba, an gani. Wannan sashe muna karanta shi da farin ciki. Amma kada mu yi saurin zuwa gare shi har mu manta an daɗe ana cin abinci daga saƙar Hannatu.

Abin da ya rage a hannunmu

Ranar 2 ga Nuwamba kowace shekara muna yin addu'a domin dukan matattu masu bangaskiya, mukan kuma je mu share kaburbura. A 1999 Paparoma Yohanna Bulus na Biyu, yana da shekara 79, ya rubuta wa tsofaffi wasiƙa a matsayin ɗaya daga cikinsu. A 2021 Paparoma Faransis ya keɓe Lahadi ta huɗu ta watan Yuli domin kakanni da tsofaffi. Waɗannan ranaku suna da kyau, amma safiyar jana'izar Baba ta nuna mana abin da ba su isa su yi ba. Mun zauna da mutumin nan shekaru, muna gaishe shi, muna karɓar albarkarsa, ba wanda ya taɓa bin sa maƙabarta ya ce, "Baba, nuna mini." Mun ɗauka kullum yana nan. Laifin nan namu ne mu masu karatu fiye da na kowa, gama takarda da alƙalami suna aljihunmu.

Saboda haka muna roƙon kowace ikilisiya, da kowane ƙaramin reshe na ƙauye, in an taru nazarin wannan darasi a yi magana a fili. Wane ne a cikinku yake yin aikin da in ya kwanta yau ba mai ɗauka? Wataƙila mai haƙa kabari ne, wataƙila tsohuwar da take wanke gawar mata, ko wanda ya san iyakar filin coci, ko wanda arɗo da mai gari suke jin maganarsa. A sa masa saurayi ko budurwa su riƙa bin sa tun yana da ƙarfin nunawa. A je gidansa kuma a gai da waɗanda suke ɗauke da nauyinsa, a tambaye su abin da suka rasa. Inda akwai ƙungiyar Vinsent na Paul, wadda aka kafa a Faris a 1833 domin ziyartar matalauta a gidajensu, wannan aikinta ne. Inda babu, Zumuntar Mata da matasa sun isa. Magidanta kuma, kowa ya tambayi kansa yaushe rabon da ya shawarci matarsa kafin ya yi alkawari a waje da abin da yake na gida.

Da za mu tafi, 'ya'yan suka tambayi Mama ko a shigar da kayan haƙan cikin gida. Ta ce a bar su a zaure, mai bukata ya san inda suke. Wani jikan Baba da yake sakandare ya sami littafin rubutu, shi da jikan tsohon nan Musulmi suna bin kakan nasa da yamma kabari kabari, yana faɗa suna rubutawa, suna kuma dasa dutse. Sun gama maƙabartar Kirista a yini biyu, gama ba ta da girma. Ta Musulmi za ta ɗauke su makonni. A kusurwarta ta yamma akwai kaburburan baƙin nan da aka tsinta a bayan gari. Tsohon ya ce su bakwai ne. Ya ce akwai ɗaya da aka sami wata takarda a aljihunsa, Baba ya karanta, gama shi ne mai karatun boko a cikinsu, ya kuma adana ta ko wani zai zo cigiya. An bincike akwatinsa da cikin littafin addu'arsa, har ranar da muka baro ƙauyen ba a gan ta ba. Yaran sun bar layi bakwai a littafin.